Kiyaye ranar hutu ga Kirista a yau: me ake yi, me ake bari?

Matashin_Kwaya:
Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Doka ta huɗu cikin Dokoki Goma ta ce a tuna da ranar Asabar a kiyaye ta da tsarki, kwana shida na aiki, na bakwai na hutu. To yau ga nas mai aikin kwana, ga mai POS, ga mai kiwon kaji, ga ɗalibin da aka sa wa jarrabawa a ƙarshen mako, ga waya da ba ta barin kowa ya sarara. Ba gardamar ɗarika nake nema ba. So nake masana su faɗa mana a aikace: daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, me ake yi, me ake bari, kuma a ina aka fi yin tuntuɓe?

Dattijo_Bukuru:
Ɗana, ko ba ka nemi gardama ba, sai an fara raba kalmomi, domin harshenmu ya zuba abu biyu a ƙwarya ɗaya. Asabar sunan rana ce a mako, kuma ita ce kalmar da Littafi Mai Tsarki na Hausa ya sa a madadin Shabbat ta Ibrananci, wadda tushenta dainawa ne, wato a tsayar da aiki. Lahadi kuwa daga Larabci ta zo, ma'anarta ta ɗaya. Ke nan ko a bakin Bahaushe Lahadi ce farkon mako, Asabar ce ta bakwai. Wannan ba abin musu ba ne.

Inda aka rabu shi ne ranar da Kirista zai keɓe. ECWA, COCIN, HEKAN, EYN, LCCN, Baftis, Angilikan da Katolika duk Lahadi suke keɓewa, ranar da Yesu ya tashi daga matattu. Suna kafa hujja da Ayyukan Manzanni 20:7, inda almajirai suka taru a ranar farko ta mako don gutsura gurasa, da 1 Korantiyawa 16:2 a kan ajiye baiko a wannan rana, da ranar Ubangiji da aka ambata a Wahayin Yahaya 1:10. 'Yan Adventist kuwa rana ta bakwai suke kiyayewa. Don haka duk mai amsawa ya faɗi wadda yake nufi, kada mu yi ta magana a gicciye.

Katikis_Zonkwa:
Ƙaramin gyara ga mai tambaya. A lissafin Katolika da na Lutheran wannan doka ta uku ce, ba ta huɗu ba. Dokar ɗaya ce, yadda aka ƙirga goman ne ya bambanta. Kada yaron katikizim ya karanta nan ya rikice.

Ɗan_Jengre:
Ina magana ne a kan Asabar ta rana ta bakwai. Ba da tsakar dare take farawa ba, da faɗuwar ranar Juma'a take farawa, ta ƙare da faɗuwar ranar Asabar, bisa tsarin maraice zuwa maraice da ke Littafin Firistoci 23:32 da kuma yadda Farawa 1 ke ƙirga yini. Kuskuren farko da ake yi shi ne a kafa ƙarfe 6:00 a zauna a kai duk shekara. Rana ba ta bin agogonmu. A Kano tana faɗuwa wajen ƙarfe 6:00 a watan Nuwamba, amma a farkon Yuli sai kusan bakwai saura minti biyar. Gabas da yamma ma akwai tazara: Maiduguri tana riga Kano da kamar minti 18, Sakkwato tana bayan Kano da kamar minti 13, wato rabin awa tsakanin garuruwan biyu alhali agogo ɗaya suke bi. Wanda ba shi da jadawali a waya, kiran sallar magariba na unguwa alama ce mai kyau, tunda shi ma faɗuwar rana yake bi. Sai dai idan ka ji kiran, lokaci ya riga ya shiga. A sa ƙa'ida a gida cewa komai ya tsaya rabin awa kafin nan.

Asabar kuma ba ranar Juma'a da yamma ake shirya ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanki da guga a gama su Laraba ko Alhamis, saboda wanda ya bar guga sai Juma'a yana jiran a kawo wuta, ƙarshe zai tsinci kansa da dutsen guga na gawayi rana tana faɗuwa. Cefane da niƙa, Alhamis. Man mota, cika tukunyar gas, cire kuɗin baiko da na ko-ta-kwana, sayen kati, duka kafin azahar ta Juma'a. Abin da ya rage wa yammacin Juma'a girki ne, shara, wanka, sai a tara iyali a yi waƙa da addu'a a karɓi ranar. Luka 23:54 ma ranar shiri ya kira ta.

Maman_Zumunta:
Abin da Ɗan_Jengre ya tsara ya yi daidai ko ga mu masu Lahadi, sai dai a matsar da komai da kwana ɗaya. Bari in ƙara maganar ruwa, don ita ce ta fi tayar da mata da asubar ranar hutu. A ƙirga aƙalla lita 20 ga kowane mutum a yini, na sha da girki da wanka. Gida mai mutum shida lita 120 ke nan, jarka shida mai lita 20, ko biyar mai 25. Idan ana sa ran baƙi bayan sujada a ƙara biyu. A kira mai ga-ruwa tun jajibiri, a cika randa da duro. Masu famfon injin su tura ruwa tanki duk lokacin da wuta ta zo a kwana biyun ƙarshe, kada a ce sai gobe.

Girki kuma a raba shi gida biyu. Abin da ke cin lokaci, wato jajjage, soya nama, tsince wake, haɗa miya, a gama shi jiya. Abin da ya rage wa ranar ya zama na minti ashirin zuwa talatin. Ɗumamen tuwo da safe ba abin kunya ba ne. Dambu, alale, dafaffen dankali, gurasa, kwaɗon zogale da aka dafa ganyen aka ajiye ƙuli-ƙulin daban, duk suna rage tsayuwa a gaban murhu. Fitowa 16:23 ma haka ta tsara a jeji: a toya abin toyawa, a dafa abin dafawa, a ajiye saura zuwa safiya.

Nas_Fatsuma_Ta_Yelwa:
Mama, a yi mini izini in sa gargaɗi a nan, don zafin Afrilu ba ya raga wa tukunya. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da yake tsakanin digiri 5 da 60, wato mai ɗumi-ɗumi, ba sanyi ba zafi. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a haka, a bazara ma awa ɗaya. Shinkafa ta fi kowa haɗari, domin akwai ƙwayar da ke tsira daga dahuwa, ta saki guba idan shinkafar ta kwana a waje, kuma ɗumamawa ba ta kashe gubar. Shi ya sa ake ganin amai a gida guda bayan cin shinkafar jiya. Miyar gyaɗa, miyar agushi, alale da duk abin da ke da wake ko ƙwai suna saurin tsami. Wanda ba shi da firij mai tabbas ya dafa shinkafa sabuwa a ranar, miyar ce za a haɗa jiya, a tafasa ta da dare, a rufe kada a ƙara tsoma cokali, a sake tafasawa sosai da safe.

Kula kuma ba firij ba ce. A ɗauraye ta da tafasasshen ruwa, a zuba abinci yana tururi, a cika ta, a rufe, a cinye cikin awa huɗu zuwa shida. Firij idan an ɗauke wuta yana riƙe sanyi kamar awa huɗu in ba a buɗe shi ba, firiza cikakkiya kuma har kwana biyu, rabi kwana ɗaya. Daskararrun robobin ruwa a ciki suna ƙara lokacin.

Bawan_Alheri:
Da girmamawa, duk wannan ƙirgen mintoci da jarkoki ba komawa ƙarƙashin Shari'ar Musa ba ne? Kolosiyawa 2:16 ta ce kada kowa ya hukunta mu a kan ci ko sha ko idi ko tsayawar wata ko Asabar, aya ta 17 ta ce inuwa ce, ainihin kuwa Almasihu ne. Romawa 14:5 ta bar wa kowa ya tabbata a zuciyarsa. A taron Urushalima, Ayyukan Manzanni 15, ba a ɗora wa masu bi waɗanda ba Yahudawa ba kiyaye Asabar ba. Idan za a bi harafi, Fitowa 35:3 ta hana hura wuta a gida, to risho da gas fa?

Ɗan_Jengre:
Ɗan'uwa, mu muna fahimtar Kolosiyawa a kan asabatan bukukuwan shekara da ke Littafin Firistoci 23, ba wadda ke cikin Dokoki Goma ba. Ita an keɓe ta tun Farawa 2:2-3, kafin a yi Bayahude ko ɗaya. Batun wuta kuma, ba ma hana ɗumama abinci. Hura wuta a jeji aiki ne na neman itace da faskare, murɗa kan gas ba haka ba ne.

Bawan_Alheri:
Ka ga kai ma fassara ka yi, ba harafi ka bi ba. Abin da nake faɗa ke nan. Ban ce kada a huta ba, cewa na yi kada hutun ya zama ma'aunin ceto.

Malamin_Tarihi:
Tunda an taɓo tarihi a gefe, a daidaita wasu abubuwa da ake yawan yaɗawa. Ba Konstantin sarkin Roma ne ya fara taron Lahadi ba. Jastin Shahidi, wanda ya yi rubutu a Roma wajen shekara ta 150, ya bayyana yadda Kirista ke taruwa a ranar da Romawa ke kira ta rana, a karanta rubutun manzanni da annabawa, a yi wa'azi da addu'a, a ci jibi, a tara taimako don marayu da gwauraye. Abin da Konstantin ya yi ranar 7 ga Maris 321 shi ne mayar da ranar hutun hukuma ga alƙalai da mutanen birni da masu sana'a, kuma ya cire manoma, ya ce su yi aikinsu idan yanayi ya ba da dama. Daga baya a ƙarni na huɗu majalisar Lawudikiya, a ƙa'idarta ta 29, ta hana Kirista zaman hutu ranar Asabar, ta ce su girmama ranar Ubangiji. Wannan ƙa'ida tana da kaifi biyu: ta nuna inda shugabanni suka karkata, ta kuma nuna cewa har lokacin akwai masu kiyaye Asabar, in ba haka ba da ba a yi dokar ba. Ikkilisiyar Habasha ta riƙe duka biyun, kuma an tabbatar da hakan a majalisar Debre Mitmak a 1450, zamanin sarki Zara Yakob.

Abin da ya fi shafar tambayar Matashin_Kwaya shi ne wannan: kusan shekara ɗari uku na farko, Lahadi ranar aiki ce. Gwamna Filini ya rubuta wa sarki Tarajan wajen shekara ta 112 cewa Kirista suna taruwa a wata ƙayyadaddiyar rana kafin gari ya waye. Bawa ba shi da ikon ce wa ubangidansa yau ba ya aiki. Ke nan ma'aikacin da yau yake zuwa sujadar asuba ya wuce bakin aiki ba baƙon abu yake yi ba a tarihin ikkilisiya.

Katikis_Zonkwa:
A Katolika abu biyu ne a rubuce, a dokokin ikkilisiya na 1247 da 1248. Na farko halartar Mas, wato sujadar Katolika, ranar Lahadi, ko da yammacin Asabar, wanda shi ma yana cika wajibin. Wannan ƙofa ce ga masu aikin safe. Na biyu a guji ayyukan da ke hana sujada, da farin cikin ranar, da hutun jiki da na tunani. Rashin lafiya, jinyar mara lafiya, kula da jariri da aikin da al'umma ba za ta iya rasawa ba uzuri ne karɓaɓɓe. Wanda aikinsa ya hana shi duka biyun a kai a kai ya je wurin Fada ya yi bayani, kada ya yanke wa kansa hukunci ya ɓace.

Rabaran_Mai_Ritaya:
'Ya'yana, tsofaffin masu gyaran ikkilisiya sun bar mana ma'auni mai sauƙi. Shaidar bangaskiya ta Wesminsta ta 1646 ta ware ayyuka iri biyu da ba su karya hutu: na larura da na jinƙai. Tushensu a bakin Ubangiji yake. Almajirai sun tsinki alkama a ranar Asabar don yunwa a Matiyu 12, ya kare su. Ya warkar da matar da ta yi shekara 18 a tanƙware a Luka 13, ya tuna wa masu suka cewa kowannensu yana kwance sansa ko jakinsa ya kai shi shan ruwa a ranar. A Markus 2:27 ya ce don mutum aka yi Asabar.

Tambaya uku nake ba da shawara a yi wa kowane aiki. Da an iya yin sa jiya? Zai iya jira gobe ba tare da rai ko lafiya ko amana ta salwanta ba? Don wa ake yin sa? Larurar da take dawowa kowane mako a awa ɗaya, mafi yawan lokaci ba larura ba ce, rashin tsari ne. Tela da ke ɗinki da safiyar Lahadi saboda ya karɓi kaya goma sha biyar alhali ƙarfinsa goma ne, a ranar Litinin matsalarsa ta fara.

Nas_Fatsuma_Ta_Yelwa:
Baba Rabaran ya kawo mu kan aikin asibiti. Haihuwa, hatsari, ba da magani a kan lokaci, duba masu kwance, babu ikkilisiyar da ta hana, har asibitocin Adventist suna karɓar gaggawa ranar Asabar, aikin tiyata da za a iya tsarawa ne suke ɗagewa. Ga mai son ya riƙa samun ranarsa, ga yadda ake bi. Jadawalin safe, yamma da dare yawanci na wata ne, don haka a kai buƙata a rubuce ga shugabar ɗaki kafin a fitar da shi, ba bayan an liƙa ba. A zo da tayi a hannu. Abokiyar aiki Musulma tana son yammacin Juma'a da ranakun Sallah, ke kina son Lahadi da Kirsimeti da Ista, musaya ce da kowa ke riba. Duk musaya a rubuta ta, ku biyu ku sa hannu, shugaba ta sa nata. Abin da ke ɓaci shi ne musayar baki: wancan bai zo ba, sunanki ne a jadawali, ke za a ba takardar tuhuma, marasa lafiya kuma sun zauna babu mai duba su. Kuma wanda ya sauka daga aikin dare ƙarfe 8:00 na safe kada ya matsa wa kansa zaman sujadar awa uku yana gyangyaɗi. Ya yi barci, ya je ta yamma.

Lauyan_Talaka:
Ta fuskar dokar Nijeriya, sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin addini da bayyana shi ta sujada da kiyayewa. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ya ce a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hutun yini ɗaya da bai gaza awa 24 a jere ba, idan an rage masa a rama cikin kwana 14 ko a biya shi kuɗin ƙarin lokaci. A lura da abu biyu. Dokar ba ta ambaci wace rana ba. Sannan ma'anar ma'aikaci a dokar ba ta haɗa da masu aikin gudanarwa da ƙwararru ba, su takardar ɗaukar aikinsu ce ke magana. Saboda haka lokacin faɗin cewa ba ka aiki a rana kaza shi ne kafin sa hannu, a kuma shigar da shi cikin takardar. Ɗalibi ma haka: wasiƙa daga fasto zuwa ga shugaban sashe tun farkon zango, kafin jadawalin jarrabawa ya fito. Ana iya amincewa, ana iya ƙi, amma wanda ya zo ana gobe jarrabawa ya rage wa kansa dama.

Mai_Kaji_Zariya:
Dabba ba ta san ranar hutu ba, amma aikin kiwo yana rabuwa. Kaji masu ƙwai guda 100 suna cin kilo 11 zuwa 12 a yini, buhu mai kilo 25 kwana biyu ke nan da 'yar saura. Ruwa lita 25 zuwa 30, a bazara ya haura. Wannan ba ya ɗaguwa. Kajin da suka rasa ruwa rabin yini a zafi, ƙwai zai ragu na kwanaki, wasu ma su mutu. Kwashe ƙwai ma dole ne, aƙalla sau biyu, in ba haka ba ya fashe, su ɗanɗana, su koyi cin ƙwai, kuma wannan hali yana da wuyar bari. Abin da ke ɗaguwa shi ne canza buntun ƙasa, wanke ɗaki, rage baki, auna nauyi, sayar da ƙwai da kai kaya kasuwa. Rigakafi kuma tun ranar karɓar 'yan tsaki ake duba kalanda a ga inda kwanakin za su faɗa. A auna abincin gobe a bokitai tun yau, a cika duro kusa da ɗaki. Idan aka yi haka aikin kaji ɗari bai wuce minti arba'in safe da yamma ba.

Manomin_Rani:
Ban-ruwa ma haka. Ƙasar laka ta fadama tana riƙe danshi kwana biyar zuwa bakwai, jigawa mai yashi kuwa biyu zuwa uku. A shayar sosai a jajibiri da yamma, a rufe gindin shuka da ciyawa ko kara, yini ɗaya ba zai yi komai ba. Abin da ke fasa tumatir da ruɓar da gindinsa shi ne a bar shi ya bushe ƙarau sannan a malala masa ruwa. Gadon reno ne kaɗai ba ya haƙuri, shi kam garwa biyu da sassafe. Inda wuyar take shi ne inda ake rabon ruwa bi da bi, layinka ya faɗo ranar hutunka. Nan sai musaya da maƙwabcin gona, kuma a yi ta tun farkon rani.

Dillalin_Hatsi:
Ku taɓo mana kasuwa. Illela, Jibiya da Mai'aduwa duk Lahadi suke ci. Kiristan da hatsi ko dabbobi ne sana'arsa a wannan yanki, ce masa kawai ya huta ba amsa ba ce.

Rabaran_Mai_Ritaya:
Gaskiya ne, ɗana, kuma ba ni da amsa mai daɗi duka. A littafin Nehemiya sura 13, Nehemiya ya rufe ƙofofin Urushalima ranar Asabar ya kori 'yan kifin Taya, amma shi gwamna ne, kasuwar a hannunsa take. Hanya uku ake bi. Wasu suna juya harkarsu zuwa kasuwannin wasu ranaku, kamar Maigatari ranar Alhamis ko Wudil ranar Juma'a, su haƙura da ribar da ta wuce su. Wasu suna yin sujadar farko su tafi, sannan su keɓe Litinin cur. Wasu suna wakilta abokin ciniki. Ta ukun ce nake da shakka a kanta idan wakilin yaronka ne Kirista da ka hana shi abin da ka ba kanka.

Maman_Zumunta:
Yawwa Baba, nan nake jira a zo. A karanta dokar a Maimaitawar Shari'a 5:14. Ta lissafa ɗa, 'ya, bawa, baiwa, sa, jaki da baƙo, ta ce domin bawanka da baiwarka su huta kamar kai. Dalilin da aka bayar a can shi ne ku ma kun yi bauta a Masar. To a gidaje nawa ne maigida ke hutawa a kan gumin yarinyar gida? Ita ce ta tashi ƙarfe huɗu, ita ce aka bari tsaron tukunya, ita ce da wanke-wanken baƙi har dare. Wannan ba kiyaye rana ba ne. A aikace: wanke-wanken ranar a raba shi har da maza da samari, yarinyar gida ta je sujada tare da kowa, idan Musulma ce a ba ta Juma'arta, kuma a ba ta yini guda da ta san nata ne. Mai shago da ke biyan yaransa kullum-kullum, idan ya rufe rana ɗaya ya yanke musu kuɗin ranar, su ne suka biya hutunsa. Ya lissafa albashin mako ya raba shida.

Direban_Keke:
Mama ta faɗi gaskiya. Mai adaidaita da ke biyan balas kullum ba zai iya ajiye keke ba sai mai shi ya yarda da balas na kwana shida. A yi wannan magana tun ranar karɓar makulli. Masu keke da ke cikin ikkilisiya su fara nuna misali. Amma a tuna, rabin masu cika majami'a a keke suka zo.

Bawan_Alheri:
Wannan na Mama na yarda da shi ɗari bisa ɗari, kuma bai buƙaci mu daidaita kan rana ba.

Sakataren_Ikkilisiya:
Akwai wani ɓarawon hutu da ba mu son ambata, shi ne jadawalin majami'a kanta. Makarantar Lahadi, sujada, sanarwa mai tsawo, baiko kashi uku, sai taron dattawa, zumuntar mata, matasa, kwaya, kwamitin gini, taron ƙabila, da yamma kuma addu'ar shiyya. Mutum ɗaya mai himma yana cikin huɗu daga ciki, ya fita bakwai na safe ya dawo bayan magariba. Gyaran ba shi da wuya idan majalisar dattawa ta so. Sanarwa a tura ta rukunin WhatsApp, a karanta muhimmai uku kawai. Taron kuɗi da na kwamiti a kai su tsakiyar mako. A keɓe aƙalla Lahadi ɗaya a wata da babu wani taro bayan sujada. Masu hidima a yi musu rukuni biyu ko uku suna karɓa-karɓa. Fasto kuwa Lahadi ce ranar aikinsa mafi nauyi, don haka Litinin ɗinsa a rubuta ta a sanar, a naɗa dattijon da za a kira a ranar, in ba rasuwa ko gaggawar asibiti ba kada a buga masa ƙofa.

Injiniya_Waya:
Batun waya da mai tambaya ya ambata. Kashe ta gaba ɗaya ba ya ɗorewa ga mai tsofaffi a ƙauye. Abin da ke aiki shi ne tsarin kada-a-dame-ni da ke cikin Android da iPhone: a sa masa lokaci ya riƙa kunna kansa kowane mako, a zaɓi lambobi biyar ko shida da za su iya shigowa, a bar zaɓin da ke barin kira na biyu a jere ya wuce. A kashe data. Littafi Mai Tsarki da littafin waƙoƙi a sauke su tun kafin ranar, ko a ɗauki na takarda, domin buɗe waya don aya ɗaya ne ke kai mutum Facebook. Masu sayar da kaya su sa saƙon ba-na-nan a WhatsApp Business, mai faɗin ranar da awar da za a amsa. Mai POS ya liƙa ranakun aikinsa a jikin rumfa. Abokan ciniki suna sabawa da rufewar da ba ta canzawa, abin da ke kashe ta shi ne buɗe rabin ƙofa ga wanda aka sani.

Ɗan_Jengre:
Akwai wanda tsari a gida ba ya magancewa, shi ne zaɓe. A Nijeriya Asabar ake yi, na 2023 ya kasance 25 ga Fabrairu da 18 ga Maris, rumfuna kuma daga 8:30 na safe zuwa 2:30 na rana, duk kafin faɗuwar rana. Ikkilisiya ta bar wa kowa lamirinsa, amma da yawa ba sa fita. Ƙara da sharar ƙarshen wata da ke hana zirga-zirga da safiyar Asabar a jihohi da dama, da bukukuwan aure na dangi.

Ɗan_Maraɗi:
A Nijar abin a juye yake, Lahadi aka saba yin zaɓe. Na 27 ga Disamba 2020 da zagaye na biyu na 21 ga Fabrairu 2021 duk Lahadi ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne a gajarta sujada a matso da ita da sassafe, a sanar tun mako biyu kafin ranar.

Zango_Kumasi:
Gana kwanan wata take bi, 7 ga Disamba, ko a wace rana ya faɗo. A 2024 ya faɗo Asabar, 'yan Adventist sun nemi a matsar, amma a ranar aka yi.

Matashin_Kwaya:
Na gode iyaye. Saura abu ɗaya da ba a taɓa ba. An faɗi abin da ake bari, to awowin da aka 'yanto me ake cika su da shi? Kallon ƙwallo da yamma ya shiga ko bai shiga ba? Karatun jarrabawar Litinin fa?

Dattijo_Bukuru:
Ishaya 58:13 ta ce a kira ranar abin murna, don haka gidan da yara ke jin ranar kamar kurkuku akwai gyara. A ci abinci tare a faifai ɗaya ba gaggawa. A tambayi yara abin da suka ji a wa'azi, minti goma ya isa. A yi barcin rana. A zaɓi gida ɗaya, na mara lafiya ko gwauruwa ko wanda aka daina gani a majami'a, a kai ziyara da ɗan abin hannu, kada ta wuce awa ɗaya. Karatun jarrabawa aikin ɗalibi ne, a gama shi Asabar, in ya zama dole a duba takarda bayan cin abincin dare. Ƙwallon yara a fili ban ga laifinta ba. Gidan kallo mai caca da ihu har sha ɗaya na dare kuwa ba na ba da shawara.

Ɗan_Jengre:
Baba, a wurinmu ƙwallo da karatun makaranta duka sai rana ta faɗi. Yamma ta ziyara ce, da taron matasa, da fita da yara su ga halitta.

Katikis_Zonkwa:
Mu ba mu hana wasa ko nishaɗi mai tsabta ba, muddin an yi Mas kuma ba a ɗora wa wani aikin da bai zama dole ba. Sai dai maganar Direban_Keke a kan masu zuwa majami'a a keke har yanzu tana nan ba a amsa ba. Idan majami'a tana da nisan kilomita bakwai, wa zai kai tsofaffi?

Sakataren_Ikkilisiya:
A rubuta sunayen masu mota shiyya-shiyya da kujerun da suka rage a kowace, a haɗa kowane tsoho da gida ɗaya, a kafa wurin tsayawa da lokaci. Inda babu motoci, ikkilisiya ta yi jinga da masu keke biyu ko uku na safiyar kawai, a biya su daga asusu tun Asabar, a tsara yadda su ma za su zauna sujada tsakanin kaiwa da ɗaukowa. Ban sani ba ko Ɗan_Jengre zai karɓi wannan a nasu tsarin, tunda akwai biya a ciki.